Goma Sha Takwas a Wutsiyar Saƙo

Shekara ashirin da shida ke nan ina zaune da matar da ba ta iya ganin waya ta fito daga bango ba tare da ta bi ta da ido ta ga inda ta nufa ba. Ko ta'aziyya muka je, ina gaishe da mutane, ita tana hararar wayar da aka naɗe da salatif a bayan talabijin. Na sha taka mata ƙafa a gidajen mutane.

Ni mai kujeru ne. Ina yanka soso, ina ɗinka yadi, ina cika kushin. Ita kuwa direba take rubutawa, ba na mota ba. Wani ɗan rubutu ne da ke zaune a cikin na'ura, tsakanin ƙwaƙwalwarta da katin da ake soka wa wayar netwok. Shi ke karɓar saƙo daga hannun wannan ya miƙa wa wancan. Kamfaninsu yana ƙera ƙananan na'urorin gwajin jini, irin waɗanda ake ajiyewa a kan kanta a asibiti. In aka gama gwaji, sakamakon ya bi waya ya isa kwamfutar likita, to ta hannun matata ya bi.

A kan kujera muka haɗu. Ta kawo mini ta ofishinsu da ta lotse, na gyara, ina shirin rufewa ta ce in dakata, tana so ta ga abin da na zuba a ciki. Ban taɓa samun mai irin wannan rainin hankali ba. Na buɗe mata, ta sa hannu har gwiwar hannu, ta zaro, ta ce, “To, rufe.” Don in burge ta sai na faɗa mata maganar maigidana da ya koya mini sana'a, cewa ba wanda ke ganin cikin kujera, shi ya sa a nan ake gane mai sana'a. Ta kalle ni a karo na farko. Da na san za ta riƙe maganar nan shekara ashirin da biyar ta dawo mini da ita, da na yi mata hirar ruwan sama. Da muka yi aure na ƙera mata kujera guda mai hannu, shuɗiya, tana nan har yau a bakin tagar falo. A kanta take tsintar wake, a kanta ta shayar da yara uku.

A ofis Sau-Ɗaya suke ce mata, don aikinta ba ya dawowa. Wasu sukan rubuta abu a gyara, a sake gyarawa, ita in ta miƙa ta miƙa ke nan. Tana nuna kamar sunan bai dame ta ba, amma ni da nake kwana da ita na san ƙarya ne. Ranar da suka buga shi a jikin kofin shayi suka ba ta, ta kawo shi gida ta ce shirme ne, sannan ta sa shi a kabad inda yara ba sa kaiwa. Ni Injiniya nake ce mata. Ita in muna shiri Maigida ne, in tsiya ta motsa Mai Soso.

Abin da zan ba da labari ya faru bara, wata guda kafin ranar da aka sa za a ba ta shugabancin sashensu. Manaja ya riga ya faɗa mata, har ta fara zaɓen labulen sabon ofis.

Bindigar sitefula da nake kafa yadi da ita ce ta harbe ni a tafin hannu. Na ɗaure da tsumma na ci gaba da aiki, kwana shida ciwon ya ƙi rufewa. Rana ta bakwai ta kama hannun ta juya shi a hasken taga, ta ɗauki makullin mota. Ni kuma gabana ya faɗi, domin akwai abin da nake ɓoyewa. Wata huɗu kafin nan an gwada ni an ce sukarina ya hau, aka ba ni takarda, na ninke ta na cusa a ƙarƙashin keken ɗinki. Na san in ta ji, ni da cokali uku a shayi mun rabu har abada, kuma ni mutum ne mai riƙon zumunci.

A asibiti likita ya kalli hannun ya ce sai an duba sukari. Da ma'aikaciyar jinya ta zo ɗaukar jini na yi ƙasa da murya na ce, “Don Allah in ya fito ki ba likita kawai, kada ki faɗa a gaban matata.” Ta yi murmushi ta ce sirrin marar lafiya nasa ne. Na samu natsuwa.

Ita kuwa Injiniya ta hango na'urarsu a kan kanta, ta tafi ta gaishe ta kamar 'yar da ta aurar. Tana shafa mata baya, tana duba lambar jiki. Matar da ke kula da kwamfutocin asibitin ta gane ta, ta ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, kwana biyu netwok ɗinsu na jan ƙafa, ko za ta leƙa musu? Tambayar kura ko za ta ci nama ke nan. Ta zaro kwamfutarta daga jaka, ta soka waya a ramin da ke bango kusa da bencin jira, ta buɗe abin da suke kallon saƙonni da shi suna wucewa. Ina zaune gefenta da auduga a hannu, ina ganin layuka na gudu. Can na ga yatsanta ya tsaya. Ta danna layi ɗaya, ta danna na gaba, ta danna wani. Sannan ta nuna wa matar wata waya da aka soka baki biyu a akwati ɗaya, ta ce ita ce ke jawo jan ƙafar, ta rufe kwamfuta.

Muka kama hanyar gida. Matata tana faɗa da kowane direba a titi, ranar har mai babur ya yanko mata ta bar shi ya wuce. Na yi ta lissafin laifuffukana ina neman wanda ya fito.

Muna shiga falo ta zauna a shuɗiyar kujera, jakarta a cinya, ta ce, “Ɗari biyu da tamanin da bakwai.”

Na ce, “Na me?”

“Sukarinka, Maigida.”

Na fara rantsuwar cewa ma'aikaciyar nan ba ta da amana. Ta ce baiwar Allah ba ta buɗe baki ba. Na ce to likita. Ta girgiza kai. Sai na lura idonta ya kawo ruwa, kuma ba irin ruwan da nake jawowa ba ne, wannan na san shi. Ta ce, “Ni na faɗa. Ni na faɗa wa duk wanda ke ɗakin nan.”

Ta ce in ɗauko mata kushin biyu da rigar kushin guda. Na ɗauko da hannuna mai lafiya.

Ga yadda ta fahimtar da ni, kuma in na yi kuskure laifin kaina ne. Duk saƙon da zai bi waya a ƙunshe yake tafiya, kuma ƙunshin yana da mafi ƙarancin girma. Ana auna shi da bayit, kamar a ce gurbin harafi ɗaya. Dole direba ya miƙa wa kati sittin, kati ya ƙara huɗu na hatimi. Na ce don me? Ta ce tun zamanin da na'urori da yawa ke raba waya ɗaya aka kafa dokar. In biyu suka fara magana tare, dole kowa ya daɗe yana magana har ya ji an yi karo. Wanda ya ce “to” kawai ya yi shiru ba zai taɓa sanin an danne maganarsa ba. Wayoyin sun canza, dokar ta zauna.

To akwai wani ɗan gajeren saƙo da kowace na'ura ke yawan aikawa, tambaya ce kawai: wa ke da adireshi kaza? Arba'in da biyu ne tsawonsa. Saura goma sha takwas ya cika sittin. Ta ɗaga rigar kushin ta ce, “Soso ya kai nan, riga ta kai can. Me kake yi?”

Na ce, “In ƙara ciko.”

“Da me?”

“Da sabon soso mana.”

Ta ce haka doka ta ce, a cika da sifiri, wato ba komai. Katuna masu tsada da kansu suke cikawa. Amma shekara tara da suka wuce an ba ta wani kati mai araha wanda bai iya ba, da na'ura mai ƙaramin ƙarfi, aka ce a matse duk abin da zai matsu. Sai ta yi dabarar da a lokacin ta ji daɗinta ƙwarai. Maimakon ta zuba sifiri, sai ta canza lamba kawai: ta ce wa katin, ɗauki sittin. Katin kuwa ba ya gardama. Ya ɗauki arba'in da biyu na saƙo, ya haɗa da goma sha takwas na duk abin da ya tarar a wurin. Wurin kuma faranti ɗaya ne da ake zuba kowane saƙo a kai ba a wankewa. Abin da ya tarar shi ne ragowar saƙon da ya riga shi fita.

Ta ce, “Sakamakonka kwamfutar likita kaɗai aka aika wa. Amma tambayar nan kowa ake yi wa. Kowace na'ura a ginin tana karɓa, har wayoyin masu jira in an haɗa su a layi ɗaya. A wutsiyarta na ga rabin sunanka da lambar. Na danna na gaba na ga na wata mata. Nata ba sukari ba ne.”

Ban tambaye ta mene ne ba, kuma har yau ba ta faɗa ba.

Na tambayi ko gyaran na da wuya. Ta yi wata dariya marar daɗi ta ce layi uku ne, kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama. Na ce to alhamdu lillahi. A nan ne zan faɗi abin da ba na son faɗa. Na ce mata ta gyara shiru, ta cusa shi a cikin sabuntawar da za su fitar, ba wanda zai sani. Shekara tara ba wanda ya gani, sai ke da idonki na bin waya. Ki karɓi ofishinki, ki rataya labulenki. Ban faɗa don mugunta ba. Na ga shekarun da ta yi tana tashi da ciwon wuya, na ga an ɗora mata waɗanda ta koya wa aiki har sau biyu, kuma ina son matata fiye da yadda nake son mutanen da ban sani ba.

Ta ce asibitoci ba sa sabunta na'urar da ke aiki lafiya. In ba a rubuta musu an ce akwai matsala ba, cikin goma da ƙyar biyu za su taɓa ta. Sauran za su ci gaba da zubar da sirrin mutane har na'urorin su mutu. In kuma aka rubuta, dole a faɗi abin da ya faru, kuma a saman fayil ɗin sunan mutum ɗaya ne, nata.

Na ce, “Ba wanda ke duba wutsiyar saƙo, Injiniya.”

Ta ce, “Ba wanda ke ganin cikin kujera, Mai Soso.”

Baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba. Na tashi na shiga kicin na haɗa shayi, na sa cokali a gwangwanin sukari, na ji idonta a bayana ta cikin bango, na mayar.

Kada a ɗauka jaruma ce da ba ta jin tsoro. Kwana uku ta yi da abin a ciki. Ta ƙona shinkafa, ta wanke labulen da ba su yi datti ba, ta yi faɗa da ni a kan takalmi. Ta sauko da kofin nan daga kabad ta goge shi ta mayar. Ranar Litinin ta sa rigar da ba ta so, ta ce in kai ta, hannunta ba zai riƙe sitiyari ba. Na tuƙa da hannu ɗaya da rabi, na tsaya a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban ofishinsu.

Awa biyu ta yi. Abin da ya faru a ciki daga baya na tsinto shi guntu-guntu. Ta ajiye wa Manaja takarda shafi biyu: ga kuskuren, ga ranar da ta yi shi, ga gyaran, ga wasiƙar da ya kamata a aika. Manaja ba mugun mutum ba ne, amma ya ba ta shawara irin tawa, da turancin da ya fi nawa tsafta. Ta ce masa in kamfani bai rubuta ba, ba za ta iya zama a kujerar da za a ba ta ba, kuma ba za ta iya yin shiru in an tambaye ta ba. Ya ce ta san abin da wannan ke nufi? Ta ce ta sani.

Da ta fito ta shiga mota ta ce, “Za su aika wasiƙar.” Na ce ofis fa? Ta ce, “Labulen ma bai dace da fentin ba.” Sannan ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da ban ga irinsa ba tun rasuwar mahaifiyarta. Na rasa abin yi, na kunna mata fankar mota.

Shugabancin an ba wani da ita ta koya wa riƙe aiki. Sunan Sau-Ɗaya ya mutu, ba wanda ya yi shela, kawai aka daina. Wasu asibitocin suka sabunta da kansu, wasu ba su da mai yi musu, sai an je. Ta ce ita za ta je. Wata biyar muna yawo duk Asabar, ni a sitiyari, ita da jerin sunaye a cinya tana kashewa da jan biro. Na ga ɗakunan gwaji iri-iri, masu fanka da marasa fanka, na gyara bencin jira a wurare uku don ba na iya ganin yadi a yage. A kowane wuri in ta gama sai ta soka wayarta, ta jira gajeren saƙon nan ya wuce, ta ƙirga sifiri goma sha takwas da yatsa a kan gilashin kwamfuta. Ba ta taɓa yarda da goma sha bakwai da zato ba. A wani wuri wani likita ya wanke ta tas a gaban ma'aikatansa. Ta tsaya ta saurara har ya gama, ta ce yana da gaskiya. Ni ne na kusa cire hula in shiga, ta riƙe mini riga.

Sukarina kuwa ya sauka, don wanda ke yawo da ɗan sanda a mota ba ya karya doka. Ba ta taɓa yi mini gorin takardar da na ɓoye ba. Na so ma ta yi, da na samu abin cewa.

Asabar ɗin da ta kashe suna na ƙarshe muka dawo da la'asar. Ta zube a shuɗiyar kujera ta cire takalmi. Na tsaya a kanta ina juya makulli a hannu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni kuwa wata biyar ina tsaye a kan nawa.

Na ce, “Injiniya, tashi zan kai kujerar nan shago.”

Ta ce me ta yi?

Na ce lokacin da na ƙera ta ban da halin sabon soso. Na sa na kirki a sama, yatsa biyu, ƙasan kuwa tsummokara ne: guntayen yadin mutane, tsofaffin riguna, duk abin da na share daga ƙasan shago. Ita kaɗai ce kujerar da na taɓa yi wa haka, kuma ita kaɗai ce ba ta ce in buɗe mata ba.

Ta gyara zama, ta sa hannu a gefen hagu, ta danna wani wuri da babban yatsa ba tare da ta duba ba. Ta ce, “Nan akwai maɓalli. Na wando ne, ina jin. Tun ina da cikin fari yake sukana.”

Na ce, “Kin sani?”

“Tun shekarar farko.”

“Me ya hana ki faɗa?”

Ta ce, “Jira nake ka faɗa da bakinka. Ka ɗan daɗe.”

Na sunkuya zan kama hannun kujerar. Ta buge mini hannu, mai lafiyar, ta ce in bar mata kayanta, wannan tsumman ba ya faɗa wa kowa komai, ita kaɗai yake suka kuma ta saba. Sannan ta ce in sauko mata da kofin nan na cikin kabad, ta gaji da ajiyarsa, in zuba mata shayi a ciki. Na zuba mata, na zuba wa kaina a wani, babu sukari a ko ɗaya. Ta juya rubutun ya kalli tafin hannunta, ta sha.